Yoyon Ruwan Lagireto Cikin Baƙin Mai: Yadda Ake Gano Shi a Injin Dizal

1. Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da kan kama injin dizal, da wuya a sami wadda ta fi iya ɓuya kamar yoyon ruwan lagireto zuwa cikin baƙin mai. Idan yoyon mai yawa ne, ba a shan wuyar gane shi, domin man yakan rikiɗe ya koma kamar shayi mai madara, ko yaron mota ma ya gani da idonsa. Amma idan ɗigo-ɗigo ne, inji na iya yin watanni yana aiki lami lafiya a zahiri, alhali kuwa ciwo na cin sa ta ciki, har ranar da zai buga. A ranar, abin da kuɗin gasket ɗaya zai gyara sai ya koma kuɗin inji sukutum. In babbar mota ce kaya su kwana a daji, in kuwa janareton asibiti ne abin ya wuce batun kuɗi. A cikin wannan lacca za a duba inda ruwan kan bi, da dalilin ɓuyarsa, da ɓarnar da yake yi, sannan da matakan gano shi.

2. Maƙwabtakar ruwa da mai

Injin da Rudolf Diesel ya kammala a birnin Augsburg na Jamus a 1897 ba ya bukatar fulogi. Iska ce ake matsewa cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 14 zuwa 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Wani kaso na zafin nan shi ke juya inji, wani ya fita ta salansa, saura kuwa, wajen rubu'i zuwa sulusi, ruwa ne ke kwashe shi zuwa lagireto.

Ruwan da masu ƙera inji suka ƙayyade ba tsurar ruwa ba ne. Yawanci rabi ruwa ne, rabi wani sinadari da ake kira gilaikol, tare da wasu gishirai masu hana tsatsa. Shi da baƙin mai suna zagaya inji ɗaya, kowa da hanyarsa, kuma a wurare da dama abin da ya raba su bai wuce siririn ƙarfe ko zoben roba ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin mai bincike ke nan, wato gano inda bangon ya tsage.

3. Wuraren da ake zargi

Na farko shi ne gasket ɗin da ke tsakanin kan silinda da gangar inji, wanda makanikai ke kira tof gasket. Yawan zafi kan lanƙwasa kan silinda ko ya tsaga shi, sai ruwa ya sami hanya zuwa ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa.

Na biyu shi ne masanyayin mai, wato 'yar akwatin da mai ke ratsawa ta cikin bututu ko faifai, ruwa na kewaye da shi. A nan akwai wani abin lura. Lokacin da inji ke aiki, ƙarfin turin mai yakan kai bar 3 zuwa 5, na ruwa kuwa bai wuce kimanin bar 1 ba, saboda haka mai ne ke kutsawa cikin ruwa. Da zarar an kashe inji, turin mai ya faɗi gaba ɗaya, amma ruwa yana nan da zafinsa da turinsa na wani lokaci, sai shi kuma ya kutsa cikin mai. Don haka ganin maiƙo a bakin lagireto tare da alamar ruwa a cikin mai yakan sa a fara tuhumar wannan wuri.

Na uku shi ne silib, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. A manyan injuna da yawa ruwa na taɓa bayansa kai tsaye, zoben roba ne kawai ke tare ruwan daga ƙasa. In zoben ya tsufa ya bushe, ruwa ya zarce kwanon mai. Har ila yau, duk bugun da fistin ya yi silib yakan girgiza, girgizar ta haifar da ƙananan kumfa a jikinsa, kumfan su fashe da ƙarfi suna ɓantarar ƙarfen kaɗan-kaɗan, har a wayi gari an sami huda kamar ta allura. Gishiran da ke cikin ruwan lagireto na ƙwarai su ke rage wannan ɓarna. Injin da ake ɗura wa ruwan rijiya ko na rafi tsura, kamar yadda aka saba a garejoji da tashoshin ƙasar nan, ba shi da wannan kariya.

Ban da waɗannan, akwai famfon ruwa a injunan da giya ke juya shi daga cikin inji, da kwamfuresan birki na manyan motoci wanda ruwa ke sanyaya kansa, da kuma masanyayin hayaƙin da ake mayarwa cikin inji a motocin zamani.

4. Dalilin ɓuya da irin ɓarnar

Abin da ya sa ƙaramin yoyo ke ɓuya shi ne, baƙin mai a injin da ke aiki yakan yi zafin digiri 90 zuwa 110. Ɗan ruwan da ya shiga sai ya zama tururi ya fice ta bututun numfashin inji. Amma gilaikol ba ya tafasa sai kusan digiri 197, gishiran kuwa ba su tashi sam, don haka su suke zama a baya suna taruwa. Direba ya zaro sandar awon mai ya ga man baƙi ƙirin kamar kullum, ya mayar da hankalinsa kwance.

Gilaikol ɗin da ya zauna cikin mai mai zafi yakan rikiɗa ya zama asid, asid ɗin ya riƙa cin dalma da tagullar da aka shafe biyarin na karanshaf da su. Bugu da ƙari, yakan ɓata sinadaran da ke riƙe da baƙin hayaƙi a warwatse cikin mai, sai ya dunƙule ya zama dauɗa mai kauri ya toshe filta. Filta in ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa da kan buɗe don kada inji ya rasa mai, wato daga nan man da ba a tace ba shi ke zagaya inji. Ƙarshen wannan hanya shi ne biyarin ya narke, karanshaf ya cije.

5. Matakan bincike

Mataki na farko shi ne a tabbatar ruwa na raguwa, kuma ba waje yake zuba ba. A yi alama a tankin ruwa da safe inji na sanyi, a riƙa dubawa kullum a daidai wannan lokaci, ana rubuta abin da aka ƙara. A bincika tiyo da lagireto da murfinsa, domin murfin da ya saki yakan zubar da ruwa a hanya ba a sani ba. Ba a buɗe murfin inji na zafi, saboda tafasasshen ruwa kan yi tsalle ya ƙona mutum.

Mataki na biyu shi ne a nemi ruwan a cikin mai. Bayan inji ya kwana a kashe, a sassauta kusar da ke ƙarƙashin kwanon mai a hankali, ba tare da an cire ta ba. Ruwa da gilaikol sun fi mai nauyi, su ke kwantawa a ƙasa, saboda haka in suna nan su za su fara ɗigowa. Sai kuma a ɗiga mai a kan faifan ƙarfe mai zafin kimanin digiri 150. Man da ba ruwa yakan baje shiru, mai ruwa kuwa ya yi kumfa da ƙara tsar-tsar. Ba a ɗanɗana man ko ruwan da harshe, domin gilaikol guba ne duk da zaƙinsa. A lura kuma, farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai shi kaɗai ba hujja ba ne, don injin da ake kunnawa a kashe kafin ya yi zafi, musamman da sanyin hunturu, yakan tara raɓa a wurin.

Mataki na uku, wanda ya fi kowane tabbas, shi ne awon mai a ɗakin bincike. A ɗebi man inji na da ɗumi a cikin kwalba mai tsabta, a haɗa da samfurin sabon mai irinsa da na ruwan lagireto. Abin da ake nema shi ne sodiyam da fotashiyam, wato sawun da gishiran suka bari bayan ruwa ya ƙafe. Amfanin samfurin sabon mai shi ne, wani man da ma yana ɗauke da sodiyam tun daga masana'anta. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma in an maimaita aka ga suna hawa, dalma da tagulla na biye da su, to ciwon ya riga ya isa biyarin. Inda ake zuba tsurar ruwa kuwa wannan sawu yakan yi rauni, sai a fi dogara ga lissafin raguwar ruwa da mataki na gaba.

Mataki na huɗu shi ne gano ramin. A juye mai, a cire kwanon mai da murfin saman inji, a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a buga iska daidai adadin da aka rubuta a murfi, kada a wuce. Sannan a shiga ƙarƙashi da tocila a zauna, domin ƙaramin yoyo na iya ɗaukar sa'o'i kafin ya nuna. Ɗigon da ya biyo bayan silib yana nuna zoben roba, wanda ya biyo cikinsa ta gefen fistin yana nuna huda ko gasket ko tsagar kan silinda, wanda ya fito ta hanyar mai kuwa yana nuna masanyayin mai. A yi gwajin inji na sanyi, a kuma maimaita da ruwa mai zafi, saboda wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗumama. Rini mai ƙyalli da ake zubawa cikin ruwa a haska shi da fitila ta musamman yakan sauƙaƙa aikin. Masanyayin mai kuwa akan cire shi, a toshe bakunansa, a hura masa iska a cikin ruwan zafi a ga ko zai yi kumfa. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda kan juya kore ko rawaya in hayaƙin silinda na shiga ruwa, shi kuma gasket ko kan silinda yake tuhuma.

6. Kammalawa

Hikimar bin matakan nan a jere ita ce a fara da mai araha kafin mai tsada, kada a kwance kan silinda bisa zato alhali laifin na zoben roba ne. In an gyara, aiki bai ƙare ba sai an duba biyarin, an sake filta, an zuba sabon mai, an juye shi bayan ɗan gajeren aiki, an kuma sake awo. Daga nan sai a kiyaye inji daga yawan zafi, a bar tamostat a mazauninsa, a zuba ruwan da aka ƙayyade, a kuma ajiye littafin da ake rubuta duk ruwan da aka ƙara. Injin da ke neman ƙarin ruwa duk mako, ba a kuwa ga inda yake zuba ba, bai kamata a ɗora masa doguwar tafiya ba sai an san inda ruwan ke zuwa.