Daga Gulbin Maraɗi zuwa teku: tafiyar baƙar leda

Duk matafiyin da ya doshi Maraɗi, Damagaram ko Tawa da rani, tun kafin ya hangi hasumiyar masallacin Juma'a zai fara cin karo da leda. Tana maƙale a ƙayar bagaruwa kamar hankaki sun sauka, tana shimfiɗe a gonakin bayan gari. Ido ya saba da ita, har ba mai tambayar inda take ƙarewa. Mai karatu zai ce: mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da batun roba a cikin teku? To, a bi ruwan damina a gani.

Hanyar ruwa

Gulbin Maraɗi yana fitowa ne daga ƙasar Katsina, ya ratsa ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Rima ya haɗu da kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba cikin kogin Isa. A Yamai hanyar ta fi haka gajarta: kwarin Guntu Yena yana kwasar sharar unguwanni ya miƙa ta ga kogi a tsakiyar birni. Kogin nan, mai tsawon kilomita kimanin 4.200, ya taso daga duwatsun Gine, ya bi ta Bamako da Yamai da Gaya, ƙarshensa tekun Atlantika.

A shekarar 2017 wasu masu bincike na ƙasar Jamus sun sa kogin Isa cikin manyan koguna 10 da suka fi kwasar roba zuwa teku: 8 a Asiya, 2 a Afirka, wato shi da kogin Nilu. Wani binciken na 2021 ya nuna cewa laifin ya rarrabu a kan koguna fiye da 1.000, akasarinsu ƙanana da ke ratsa biranen gaɓar teku. Ko ta yaya aka yi lissafin, wani binciken da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 8 ko kusa da haka na roba ya shiga teku a shekarar 2010 kaɗai. Da yayyafi kogi ke cika.

Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Rana da igiyar ruwa suna farfasa ta ne ta koma ƙananan ɓarɓashi, kifi ya haɗiye, kunkurun teku ya ɗauki leda a matsayin abinci. Kifin da ake shigo mana da shi a daskare cikin kwali daga wannan tekun yake fitowa.

Mu ne ke fara biya

Gaskiya ne ba dukan ledarmu ke kaiwa teku ba. Da yawa tana tsayawa a madatsun ruwa irin na Kainji, mafi yawa ma ba ta barin garin da aka yar da ita. Nan ne asarar ta fi kusa da mu. A tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya ko saniya: dunƙulen leda da ya hana dabba cin abinci har ta rame. Makiyayi ya yi asara, mai kiwon ragon layya ya yi asara. Idan damina ta faɗi, ledar piya wata da ta cefane su ke toshe magudanai, ruwa ya juya ya shiga gidaje da shaguna, wanda ya kwanta ya zama makwancin sauro. Uwargidan da ke hura gawayi da leda kuwa, ita da yaranta ke shaƙar gubar hayaƙin.

Doka tana nan

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Ranar 5 ga watan Nuwamba na 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta haramta ƙera siririyar leda da shigo da ita da saida ta da ajiye ta da amfani da ita. Wanda ya shiga kasuwa yau ya san inda dokar ta kwana. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun tsaya a kan maganarsu, har a filin jirgin saman Kigali akan karɓe leda daga hannun baƙo. Jiran duniya ma ba zai fisshe mu ba: a watan Maris na 2022 ƙasashe 175 sun amince a Nairobi su tsara yarjejeniyar yaƙi da sharar roba, amma zaman Busan na ƙarshen 2024 da na Janeba a watan Agustan 2025 duk sun watse ba a daidaita ba. Alhali kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar robar duniya ake sake sarrafawa.

Saboda haka magana ta dawo kanmu. Leda ba da ƙafarta take shigowa ba: ɗan kasuwa ne ke ɗoro ta, ta wuce gaban ma'aikacin duwan, ta isa hannun mai tebur da ke ƙulla tumatirin dala ashirin a leda biyu. Babban ɗan kasuwa yana iya juya jarinsa zuwa jakar yadi da ta takarda da kwandon kaba, masaƙanmu na karkara su sami kasuwa. Ma'aikaci yana iya aika yaro cefane da kwando, ya sayi fura a kwano, ya ajiye gorar ruwa a ofis maimakon ƙullin piya wata. Magadan gari kuma su yashe magudanai tun kafin ruwan farko.

Iyayenmu sun ci kasuwa da ƙwarya da faifai da kwando, ba su bar mana gona cike da leda ba. Mu me za mu bar wa na baya?