Ɗaliban Kasuwanci a Kan Hanya: Darasin da Ba a Samu a Aji

A shekarar 2011 makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard da ke Amurka ta kawo wani sauyi da ya ja hankalin takwarorinta. Ta wajabta wa kowane ɗalibin shekarar farko na MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, ya bar aji ya tafi wata ƙasa ya yi wa wani kamfani na can aiki. Ɗalibai kusan 900 ne a shekara, ana rarraba su ƙungiya-ƙungiya, galibi mutum shida-shida, a tura su birane irin su Shanghai da Mumbai da Istanbul da Accra. Sunan shirin FIELD.

Da ma Harvard ta yi suna ne da koyarwa ta hanyar nazarin labarin kamfanoni: a ba ɗalibai rubutaccen bayanin matsalar da wani kamfani ya taɓa shiga, su yi ta muhawara kan abin da ya kamata shugabansa ya yi. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 sai aka yi wa irin waɗannan makarantu ca, ana cewa suna yaye gwanayen lissafi da iya magana waɗanda ba su san halin da mai saye yake ciki ba. Nitin Nohria, wanda ya zama shugaban makarantar a 2010, shi ya jagoranci gyaran.

Aikin yana farawa tun kafin a hau jirgi. Kamfanin da za a je wurinsa yakan aiko da tambaya takamaimai, misali yadda zai jawo matasa su riƙa sayen wani kayansa, ko dalilin da ya sa masu ƙananan shaguna suke ƙin wata sabuwar hanyar biyan kuɗi. Ɗalibai su shafe makonni suna bincike suna magana da ma'aikatan kamfanin ta intanet. In sun sauka, sai su shiga kasuwa da shaguna tare da tafinta, su tambayi mutane baki da baki, su ga inda hasashensu ya ci karo da zahiri. A ƙarshe su tsaya gaban shugabannin kamfanin su faɗi shawararsu, a yi musu tambayoyi ba sani ba sabo. A makarantar Sloan ta jami'ar MIT akwai shirin G-Lab, inda ɗalibai huɗu kan yi wa kamfani aiki daga nesa tsawon zangon karatu, sannan su je su tare a wurinsa kimanin mako uku a watan Janairu. Ita ma Stanford ta sa fita wata ƙasa cikin sharuɗɗan kammala digirin.

Akwai kuma nau'i na biyu, wanda ya fi yawa: rangadin gani da ido. Masu zuwa Japan sukan ziyarci masana'antar Toyota, inda ƙaramin ma'aikaci yake da ikon jan igiya ya nemi a tsai da layin haɗa mota in ya hango kuskure. Karanta wannan a littafi daban, ganin yadda shugaban sashe yake rugowa ba tare da faɗa ba daban. Masu zuwa Nairobi kuwa M-Pesa ce ke kai su, tsarin tura kuɗi ta wayar salula da kamfanin Safaricom ya fara a 2007, har ya kai mai sayar da kayan miya yana karɓar kuɗinsa ta waya. A Shenzhen ta China, kasuwar Huaqiangbei ake zagayawa, inda benaye suke cike da kayan haɗa waya da kwamfuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sha zuwa Guangzhou ko Dubai ya zauna da masu masana'anta. Bambancin shi ne, shi jarinsa ya sa a ciki, kuskure ɗaya zai ji a jikinsa. Nan ne raunin rangadin ɗalibai yake. In ba wani aiki da za a tambaye su a kansa, tafiyar takan koma otal da liyafa da ɗaukar hoto a ƙofar kamfani, a saurari jawabin da jami'in hulɗa da jama'a ya saba karanta wa kowane baƙo. Mako guda ba ya isa a san ƙasa, kuma wanda ya dawo yana jin ya gama fahimtar China ya fi wanda bai je ba haɗari.

Sai batun kuɗi. Kuɗin makaranta kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara. A nahiyarmu ma ana irin wannan fita: Lagos Business School, wadda aka kafa a 1991, tana da daɗaɗɗiyar alaƙa da makarantar IESE ta Barcelona a Sifaniya, ita kuma makarantar CEIBS ta Shanghai tana da reshe a Accra. Amma ɗalibin Najeriya da dala ko yuro zai biya jirgi da masauki, ga shi dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Ga kuma layin biza, wanda mai fasfon Amurka ko Faransa ba ya bi a ƙasashe da dama.

Annobar korona ta tsai da tafiye-tafiyen a 2020, aka koma ziyara ta bidiyo, amma da aka buɗe iyakoki makarantun suka sake sayen tikiti.

Duk wanda makarantarsa ta sa masa rangadin ƙasar waje cikin kuɗin karatu, ya nemi a faɗa masa kamfanin da zai yi wa aiki da wanda zai duba aikin in ya dawo. In amsar ba ta wuce sunayen birane da otal-otal ba, yawon buɗe ido ake sayar masa, kuma zai iya samunsa da araha a wani wurin.