KOTON KAMA KIFIN KAP DA DANGINSA: KA DUBI BAKIN KIFI KAFIN KA SAYI KOTO



Tambayar da ta fi shigo mini a 'yan kwanakin nan ita ce ta koto, wato abincin da ake sa wa ƙugiya. Wasu sun ga bidiyon Turawa suna jawo wani jibgegen kifi mai manyan ɓawo da suke kira carp, mu ce kifin kap, suna son sanin me ake sa masa. Wasu kuma suna da tafki ko kududdufin da suka zuba kifi, sun wuni da hanjin kaza a ƙugiya ba abin da ya taɓa, alhali suna ganin kifi yana wasa a ruwan. Amsar duka biyun ɗaya ce: bakin kifi da wurin da yake kiwo su ne ke gaya maka koton da zai ci.

SHIN MUNA MA DA KIFIN KAP?

Asalinsa na Turai da Asiya ne. A shekarun 1950 aka kawo shi Najeriya, a gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato, inda ake da sanyi. A Sin babban kifin kiwo ne shi da danginsa, a Poland da ƙasar Czech shi ake ci da Kirsimeti, a Hungary kuma an kama wanda ya wuce kilo 50 da ƙugiya a 2018. Amma a nan wajenmu, daga Bena zuwa Wasagu har Zuru, da wuya ka gan shi a kasuwa, samun irinsa ma aiki ne.

Abin da muke da shi ɗan uwansa ne na jini, wanda masunta ke kira dummi, akwai baƙi akwai fari. Wanda ya saba zuwa kasuwar kifi ta Yauri ya san shi. Don haka zan yi bayanin su biyun, sannan in kwatanta su da tarwaɗa da karfasa, tunda su ne a yawancin tafkunanmu.

BAKI HUƊU, KOTO HUƊU

1. Kifin kap. Bakinsa yana miƙewa ƙasa kamar mazurari, da 'yan gashin baki guda 4 da yake lalube da su. Ba shi da haƙora a muƙamuƙi, a maƙogwaro suke, can yake niƙa hatsi da ƙananan dodon koɗi. A ƙasan ruwa yake kiwo: ya zuƙo laka, ya tace abin ci, ya furzar da sauran. Ke nan kotonsa dole ya kwanta a ƙasa, ya zama abin da zai zuƙa ba tare da ya tsargu ba. Dafaffiyar masara, dunƙulen dusa da tana su ne nasa.

2. Dummi. Bakinsa a ƙasan kai yake, da leɓɓa masu kauri, yana kankarar gansakuka a jikin duwatsu da itace. Ba mai cafka ba ne, shi ya sa da wuya ya hau ƙugiya. Gura ce maganinsa, ko raga.

3. Karfasa. Ƙaramin baki, tana tsintar ɗan abu ɗan abu. Ƙaramar ƙugiya, guntun tana ko ɗan dunƙulen dusa kamar ƙwayar wake.

4. Tarwaɗa. Faɗin baki, dogon gashin baki, da hanci take farauta, musamman da dare. Ita ce mai hanjin kaza, tana, gara, ƙananan kifi da duk abin da ke da ƙarni.

To ka ga wanda ya sa hanjin kaza yana jiran dummi, ba rashin sa'a ba ne ke damunsa. Ya kai wa akuya nama ne.

YADDA AKE HAƊA DUNƘULEN DUSA

Mu a Bena masara ba ta yi mana wuya, kuma duk mai kaji yana da dusa a ɗaki. Ga haɗin da nake amfani da shi, awo da gwangwanin madara:

– dusar masara gwangwani 2
– garin masara ko na dawa gwangwani 1
– dakakken ƙuli-ƙuli rabin gwangwani
– garin alabo cokali 3

Ka tafasa ruwa kaɗan, ka tuƙa garin kamar tuwo mai ƙarfi, ka sauke, sannan ka zuba dusa da ƙuli-ƙuli da alabo ka murza da hannu har ya daina kama tafi. Kowanne da aikinsa. Dusa ce ke warwatsewa a ruwa ta kira kifi, tuwon da alabo su ne ke riƙe dunƙulen, ƙuli-ƙuli kuma man da ke jikinsa ne ke kai ƙanshi nesa.

Kafin ka tafi bakin ruwa ka gwada a bokiti. Ka jefa dunƙule ɗaya ka duba agogo. In ya narke kafin minti 3, ƙaro alabo. In ya yi rabin awa yana nan kamar dutse ba ya sakin komai, ƙaro dusa. Abin da kake nema shi ne wanda zai yi minti 10 zuwa 15 yana zubar da gari a hankali, cikinsa na riƙe da ƙugiya.

MASARA

Ita ce koton da ake kama kap da shi a ko'ina a duniya, kuma tana da wani amfani: ƙananan kifi ba sa iya sace ta daga ƙugiya kamar yadda suke yi wa dusa. Ka jiƙa ta kwana ɗaya, ka dafa kamar minti 30, har ta yi laushin da farce zai shiga amma ba ta fashe ba. In ka bar ta cikin ruwan dahuwarta ta ƙara kwana ɗaya ko biyu ta ɗan yi tsami, ya fi. Ƙwaya 2 ko 3 sun isa, kuma ka bar tsinin ƙugiya a waje.

Masu kamun kap a Ingila sun ƙirƙiro wata dabara a ƙarshen shekarun 1970. Maimakon a soke koto a ƙugiya, sai a ɗaura shi da ɗan siririn zare a gindinta, ƙugiyar tana tsirara. Kifin zai zuƙi masarar, ƙugiya ta bi ta, in ya zo furzarwa sai ta kama leɓensa na ƙasa. Da allura da zaren ɗinki za ka iya yin wannan.

SABAR DA KIFI KAFIN KA JEFA ƘUGIYA

Nan ne mutane da yawa ke gaggawa. Kap kifi ne mai tsoro, abin da bai saba gani ba ba ya cin sa da wuri. Ka zaɓi wuri ɗaya, kusa da ciyawar bakin ruwa ko inda ruwa ke shigowa, ka riƙa watsa cikin tafi biyu na masara da dusa a lokaci ɗaya kullum, kwana 3 a jere, ba ƙugiya. Rana ta huɗu ka rage abin da kake watsawa, ka sa naka a tsakiya. Alamar sun zo ita ce ƙananan kumfa da ke tasowa a jere da ruwan da ya ɗan gurɓace a wurin.

Kada ka zuba da yawa fa. Kifin da ya ƙoshi ba ya kallon ƙugiya, ragowar kuma ruɓewa take yi ta cinye iskar ruwan. Sannan ka zauna ƙasa-ƙasa, ka daina buga ƙafa, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kifi na ganin ka, mai jar koma.

Lokaci ma yana da nasa. Da sassafe bayan gari ya waye, da kuma la'asar sakaliya, su suka fi. Jikin kifi da zafin ruwa yake tafiya, don haka a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, cinsa yana raguwa ƙwarai. A lokacin ka ƙanƙanta koto, ka jira rana ta ɗaga ruwa ya ɗumama. Kuma da halin tsaron da muke ciki a Danko-Wasagu, kada wani ya ce zai yi sammako ko dare zuwa gulbi mai nisa saboda kifi. Ruwan da ke kusa da gari ya ishe ka.

GURA GA DUMMI DA KARFASA

Masuntan tafkin Kainji sun daɗe suna aiki da gurar Mali, kuma dusa ce babban abin da suke sa mata. Ka yi dunƙule kamar girman lemo, mai tauri fiye da na ƙugiya, ka sa a cikin gura, ka danne ta da dutse a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ka bar samanta a waje in akwai tarwaɗa, domin tana buƙatar fitowa shan iska, in ta rasa za ta mutu a ciki. Ka duba kullum.

Ga mai kiwo, gura ta fi ƙugiya. Kifin yana fitowa da rai ba rauni, ka zaɓi manya ka mayar da ƙanana. Mai tafkin ƙasa wanda ba ya iya zubar da ruwansa, da haka zai riƙa sayar da kilo 5 ko 10 duk lokacin da kuɗi ya yi kyau, ba sai ya kwashe duka rana ɗaya dillalai sun yi masa tayin wulaƙanci ba. Da haka kuma zai riƙa auna kifinsa duk sati biyu ya san ko abincin da yake saya yana zama nama.

IN KIFINKA NA KIWO NE

Ba sai ka wahala ba. Abincin da ka saba ba su shi ne kotonsu. Ka hana su ci kwana ɗaya, ka jiƙa abincin da ruwan ɗumi, ka kwaɓa da ɗan alabo, ka jefa a inda ka saba ciyar da su. In ƙugiya za ka yi amfani da ita kuma kana son mayar da kifin, ka matse ɗan haƙorin nan na bayan tsini da filaya, ka jiƙa hannunka kafin ka riƙe shi. Raunin baki da goge santsin jiki su ne ƙofar cuta.

ABUBUWA UKU DA ZA KA KIYAYE

Na farko, dusa ko masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna. Gubar da ke kashe kaji a irin wannan abincin tana lalata hantar kifi ma.

Na biyu, kazar da ta mutu da ciwo. Kada ka ce ai kifi ne zai ci, ka kwashe hanjinta. Haƙa rami ka binne ta. Ruwan nan dabbobi na sha, yara na wanka a ciki.

Na uku, zuba maganin ƙwari ko na feshi a ruwa don kifi ya taso. Wannan ba su ba ne, kisa ne. Yana shafe manya da 'ya'ya da ƙwai, doka ta hana, kuma kifin cikin mutane zai shiga.

GA MAI SHA'AWAR KIWON KAP

Ka yi lissafi tukuna. Yana cin dusa da ragowar hatsi, wannan alheri ne a lokacin da buhun abincin tarwaɗa ya yi tsada. Amma tonon da yake yi yana dama ruwa, yana cin gindin bangon tafki, har a Ostareliya annoba suke ɗaukarsa saboda ɓarnar da ya yi wa kogunansu. Namansa kuma yana da ƙananan ƙayoyi, mutanenmu sun saba da tarwaɗa. Ka tambayi masu suyar kifi da masu banda na garinku ko za su saya, sannan ka nemi shawarar ma'aikatan cibiyar binciken kifi ta New Bussa a kan iri. In ka samu, kada ka bari ambaliya ta fitar da shi gulbi.

Aikin wannan satin: ka kama kifi ɗaya daga ruwanka, ka buɗe bakinsa ka duba, ƙasa yake kallo ko gaba, faɗi ne da shi ko tsuke. Ka turo hoton da sunan da ake kiransa a garinku, sai mu tattauna koton da ya dace da shi.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba yankinmu zaman lafiya.