Mitar Tsohon Babur: A Gyara Ko A Sauya?

Duk wanda aka goya a bayan tsohon babur daga Gaweye aka tsallaka da shi Gadar Kennedy, in ya leƙa ta kafaɗar matuƙin, da wuya bai ga ɗayan uku ba: allurar mita kwance a kan sifiri alhali babur na sheƙa gudu, ko tana tsalle tsakanin 20 da 70, ko ta miƙe ta nuna 80 a inda kura mai jaki ke biye da su a baya. Baburan da suka fi fama da wannan a Yamai su ne masu daɗewa, irin su Honda CG 125 da aka fara ƙerawa a 1975, da Yamaha DT 125 mai mita biyu, ɗaya ta gudu, ɗaya ta juyin inji. In aka kai wa makanike, magana biyu ce: ko a gyara ta asali mai waya, ko a cire ta a ɗaura ta lantarki mai nuna lambobi.

Ta asali ba ta neman wuta sai don ƙwan da ke haska ta da dare. Wani ƙaramin giya ne a cibiyar tayar gaba yake juya waya mai lanƙwasuwa, wayar ta hau ta juya maganaɗisu a cikin kan mita. Maganaɗisun ba ya taɓa komai, jansa ne kawai ke karkatar da wani ɗan kofin alminiyam da allura ke kansa, siririn sifirin irin na agogon hannu kuma yana ja da baya. Inda ƙarfin biyun ya daidaita, nan allura take tsayawa. Dabarar ta tsufa, tun 1902 wani Bajamushe Otto Schulze ya yi mata rajista. Ta lantarki kuwa lissafi take yi. Ana manna ɗan maganaɗisu a taya, a kafa na'urar da ke jin wucewarsa a ƙafar gaba, ita kuma ta ƙirga sau nawa ya wuce ta ninka da kewayen tayar da aka gaya mata.

Ta fuskar gano cuta, tsohuwar ta fi faɗin gaskiya. In allura na rawa, waya ce ta bushe, ko ta tanƙware, ko zarenta ya fara warwarewa. In ta kwanta ɗungum, waya ta tsinke ko haƙoran giya sun cinye. Makanike mai hankali yakan kwance wayar daga taya, ya murza bakinta mai kusurwa huɗu tsakanin yatsu biyu, allura ta zabura, sai ya ce, "Alhaji, kan mitarka lafiya lau, ciwon a ƙasa yake." Akwai kuma gwajin da ba kowa ya sani ba. Lambobin da ke ƙirga kilomita da haƙora suke tafiya kai tsaye, ba ruwansu da maganaɗisu. Don haka in ƙirgen tafiya daidai ne amma allura na ƙarya, laifin na cikin kan mita: maganaɗisun da ya raunana yana nuna ƙasa da gudun, sifirin da ya saki yana nuna sama. In duka biyun sun karkace tare, a duba giya ko girman taya. Ta lantarki ba ta ba da irin wannan labari. Ran da ta ɗauke, fuska ce kawai baƙa ƙirin, kuma ba a buɗe ta, sai dai a sayi wata.

Ta fuskar daidaito, sabuwar ce ke gaba, da sharaɗi. Tsohuwar an ƙera ta ne kan girman taya guda. Da zarar aka sa wadda ta fi ta asali girma, abin da ake yi kullum idan ba a samu daidai ba a kasuwar Katako, mita za ta riƙa rage gudun. Kewaye ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, ƙaryar ma kashi 5 ce, kuma babu wata ƙusa da za a murɗa a gyara. Ita kuwa sabuwar kowace taya ta karɓa. A shafa alli a taya da ƙasa, mai babur ya hau, a tura har alamar ta dawo, a auna da tef. Taya mai inci 18 takan ba da kusan mita 1.9, mai inci 21 ta gaban DT ta haura mita 2. Sharaɗin shi ne a yi awon. Wanda ya ɗaura ya bar lambar da ta zo da ita daga masana'anta, ya sayi sabuwar ƙarya ke nan, mai kyan gani. Ko mita fil a leda ma ba a sa ran ta faɗi gudu cif: ƙa'idar da Turai ke bi ta hana ta nuna ƙasa da ainihin gudun, amma ta yarje mata ƙarin da ya kai kashi 10 cikin 100 da kilomita 4 a awa.

Yanayin Yamai bai bar kowacce ba. Ƙurar hunturu na shiga cikin rigar waya ta haɗu da giris ta riƙa cin ƙarfe, shi ya sa zare wayar a wanke da kananzir a shafa mata giris kaɗan ke warkar da mita da yawa. Kaɗan fa, kuma a bar ƙarshen sama ba shafe, don yaron gareji mai yawan hannu yakan cika shi har ya hau cikin kan mita ya riƙe allura. Ita ta lantarki ƙura ba ta cika damunta ba, rana ce abokiyar gabarta. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana dusar da gilashinta, ga tsofaffin babura da yawa masu wutar bolt 6, wasu ba batir ma, ita kuwa galibi 12 take so tsayayya.

A mitar juyin inji ne ma'aunin ya rinjaya sosai wajen ta lantarki. Mai waya daga jikin inji take karɓar juyi, kuma giyarta na wahalar samu. Ta lantarki siririyar waya ce kawai za a naɗe a jikin wayar buji, ta ƙirga tartsatsi. Tarkonta ɗaya: dole a gaya mata sau nawa buji ke ba da wuta a kowane juyi, in an kuskure ta nuna ninki biyu ko rabi. Hular buji marar kariya da wayar da ba ta kama jikin ƙarfe da kyau ba su ma suna sa lambobi su yi ta hauka.

Sai batun ƙirgen kilomita. Tsohuwar na ɗauke da tarihin babur, da shi ake sanin lokacin juyen baƙin mai, shi mai saye ke dubawa ko da bai gama yarda da shi ba. Sabuwar daga sifiri take farawa, kuma babur mai shekara 30 da ke nuna kilomita 200 ba ya kwantar wa kowa da hankali a wajen ciniki.

A ganina, mitar gudu a fara da gyara: a wanke waya, a duba giya, a tabbatar da girman taya, sannan a gwada mitar da wayar salula mai GPS a miƙaƙƙen titi, ana tafiya da gudu guda ba ƙari ba ragi. In bayan haka ƙirgen tafiya na daidai amma allura na nan kan ƙaryarta, ciwon ya shiga inda masu iya gyara suka yi ƙaranci, sai a ɗaura ta lantarki a gefe a bar tsohuwar ta ci gaba da ƙirga kilomita. Mitar juyin inji kuwa, in giyarta ta cinye, ba na ganin amfanin yawon Katako a kanta.