Rage Ƙiba: Ƙwauron Ciki Ma Yana da Wa'adi

Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji har cikin Kebbe, duk wanda ke zauren WhatsApp na dangi ko na ma'aikata ya taɓa cin karo da saƙon nan: a sha ruwan ɗumi da lemon tsami da safe, a ci kokwamba da rana, a kwana da shayi, a daure kwana 40 ko wata 3, tumbi zai zube. Gardamar da ke biyo baya ba ta canzawa. Wannan ya ce shi har wando aka rage masa, waccan ta ce jiri ya kwashe ƙawarta a bakin murhu. Ba kasafai ake jin mai tambayar ranar da za a daina ba, alhali nan gizo ke saƙar.

Likitoci sun raba abin gida biyu. Akwai ragi na sannu, inda mutum ke zabtare kalori 500 zuwa 600 daga abin da yake ci a yini, ya riƙa sauke rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Wannan ana iya tafiya da shi har wata 6, kuma abin da ake nema bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ba. Mai kilo 90 in ya sauke 5 zuwa 9, hawan jininsa da sugansa za su shaida. Ba ya buƙatar rabuwa da tuwo. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kalori wajen 120, kwalbar lemo kusan 150. Wanda ya rage cokali biyu daga man da yake malala wa shinkafa da wake, ya bar lemon rana, ya daina zuba suga a fura da shayi kamar da gayya, ya kusa cika lissafin bai tsallake ko kalaci ɗaya ba.

Na biyun shi ne ragi mai tsanani, ƙasa da kalori 800 a yini. Wannan magani ne, kuma yana da wa'adi. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta shimfiɗa ita ce kada ya wuce mako 12, a yi shi a hannun ma'aikatan lafiya, da abincin da aka auna furotin da bitamin ɗinsa, ga mai ƙibar da ta zama cuta. Binciken DiRECT, wanda masana na jami'o'in Newcastle da Glasgow suka fitar a 2017, ya nuna amfanin ragi makamancin wannan. An ɗora masu ciwon suga a kan kalori wajen 850 na wata 3 zuwa 5, sannan aka maido musu da abinci kaɗan-kaɗan cikin makonni. Bayan shekara, kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, bayan shekara biyu aka koma kashi 36. Masu yaɗa saƙo sun ɗauki yunwar, sun yar da sauran. Tun daga farawa likitoci suka tsayar wa mutanen nan magungunan suga da na hawan jini, suna bibiyarsu. Dattijon da zai haɗiyi ƙwayar sugansa da safe ya wuni a kan kokwamba, faɗuwa yake nema.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne imanin da aka yi cewa iya daɗewarka da yunwa, iya kitsen da za ka narkar. Sikeli ne ke yaudarar mutane a makon farko. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan ninki uku. Da an daina ci sai ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari, a ga kilo 2 ko 3 sun tafi, a yi ta murna. Ana shiga mako na huɗu ko na shida sikeli ya cije. Sai mutum ya ce bai matsa sosai ba ne, ya soke abincin rana ma.

Manomin Dogon Daji ya san abin da ke faruwa a nan fiye da ɗan boko. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, maigida ba ya ci gaba da fitar da awo yadda ya saba. Tiya uku ta koma biyu, a daina aika wa maƙwabta, a ɗage duk hidimar da ba ta zama dole ba. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai akuya kasuwa, wani lokaci har da san noma. Ran da aka yi girbi kuwa, wanda ya ga wannan shekara sai ya ƙara rumbu. Haka jiki yake yi. Bai san kwalliya ake nema ba, shi dai ya ga fari. Sai ya rage wutar da yake ƙonawa, mutum ya riƙa jin sanyi da kasala. Ya taɓa tsoka, wadda ita ce san noman, don ita ke cin kaso mai yawa na abin da aka ci. Ya kuma buɗe ƙofar yunwa. Ran da aka koma ci, tsoka ta ragu, kwaɗayi ya ƙaru, kitse ne ke riga kowa dawowa.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, lokacin da mai bincike Ancel Keys ya ɗora maza 36 masu lafiya a kan kusan rabin abincinsu na mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suka shiga yi. Da aka sake su, suka yi ta ci ba ƙoshi, kitsen jikinsu ya zarce na da kafin ya lafa. Mu ma muna ganin ƙaramin misali duk shekara: ɗan kilon da azumin Ramadan ya ɗauke, kafin Babbar Salla ya dawo da kayansa. Shi ma azumin yana da sahur da buɗa-baki da ranar ƙarewa, kuma shari'a ta hana a haɗe kwanaki ba a sha ruwa ba.

Daɗewa a kan yunwa ba ramewa kaɗai take jawowa ba. Saurin zubar da nauyi yana haifar da tsakuwa a matsarmama, gashi ya kama zuba bayan 'yan watanni, al'adar mata ta rikice. A Amurka a 1977 an yi asarar rayuka a kan wani abin sha na furotin da mutane suka rayu a kansa wata da watanni, bugun zuciyarsu ya hargitse. Jiri in an miƙe, faɗuwar gaba, ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk alamu ne na a tsaya a nemi asibiti. Mai ciki, mai shayarwa, yarinyar da ba ta gama girma ba da mai ciwon ƙoda, ba su cikin wannan lissafi sam. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima, kashi 58 kuma suna fama da ƙarancin jini. Ba wuya a sami mace ɗaya ɗauke da duka biyun, ga teɓa ga rashin jini, a ce ita za ta wuni a kan lemon tsami.

Shayin rage tumbi kuwa, da yawansa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ke fita kitse na nan. An sha kama irin waɗannan kaya a ƙasashe da dama da sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da Turai da Amurka suka janye tun 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. A ranar kasuwa za ka iske mai lasifika yana tallan "sha ka fashe" ga amaren da ke son murjewa, kwalbar da ke gefenta kuma ta rage ƙiba ce, babu lambar NAFDAC a kan ko ɗaya, babu mai ce masa kanzil. Ƙwararrun abinci suna can Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba kowace matar Kebbe ce za ta biya kuɗin mota don a tsara mata tuwo ba. Abin da ƙananan asibitocinmu ke buƙata bai kai kuɗin taron bita ɗaya ba: sikeli mai aiki, na'urar awon jini, da ma'aikacin da zai rubuta wa mutum ranar farawa da ranar dawowa. Kafin a samu, tef ɗin tela ya wadatar a gida. A auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a wata, in ya wuce rabin tsayin mutum akwai sauran aiki, in ya sauko ƙasa da haka a daina ragi, a koma riƙon abin da aka samu.