Duke Ellington: Makaɗin da mutanensa suka zama kayan kiɗansa

A shekarar 1927 wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Harry Carney ya baro garinsu Boston, a ƙasar Amurka, ya shiga ƙungiyar makaɗan Duke Ellington a matsayin mai busa saksafon. Bai sake barin wannan ƙungiya ba har ranar 24 ga Mayun 1974, ranar da maigidan nasa ya rasu, wato shekara 47 ke nan suna tare. A shekarun baya-baya ma shi ne yake tuƙa Ellington a motarsa daga gari zuwa gari, su kwana suna tafiya. Ba a cika wata biyar da rasuwar maigidan ba, shi ma ya bi shi. Duk wanda ya san halin makaɗa, da yadda kuɗi da suna suke raba su, dole ya tambaya: me ya riƙe mutum shekara 47 a ƙarƙashin shugaba guda? Amsar wannan tambaya ita ce sirrin aikin Ellington baki ɗaya.

An haifi Edward Kennedy Ellington a birnin Washington ranar 29 ga Afrilun 1899, a gidan baƙaƙen fata masu rufin asiri. Mahaifinsa ma'aikacin hidima ne a gidajen manya, har akan kira shi aiki a fadar White House idan ana liyafa. Iyayensa duka suna kaɗa fiyano, kuma sun tarbiyyantar da shi a kan tsabta da kamun kai da iya magana. Wannan ƙasaita tasa ce ta sa abokai suka laƙaba masa suna Duke, wanda sarauta ce a ƙasashen Turai. Da farko zane ya fi ba shi sha'awa, har ya yi sana'ar rubuta allunan talla, amma daga bisani kiɗa ya rinjaye shi. A 1923 ya koma New York tare da wasu abokansa, ba da jimawa ba kuma suka ɗora masa jagorancin 'yar ƙungiyarsu.

A wancan lokaci kiɗan jaz yana tashen ƙuruciya. Kiɗa ne da ya tsiro a tsakanin jikokin bayi, musamman a birnin New Orleans, wanda a cikinsa ake ba kowane mabushi dama ya ƙago nasa salo nan take a kan amon da aka shimfiɗa. Manyan gari suna kallonsa a matsayin kiɗan mashaya da gidajen rawa, ba abin da mai ilimi zai zauna ya saurara ba.

A ƙarshen 1927 ƙungiyar Ellington ta samu aiki a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem. Wurin yana tsakiyar unguwar baƙaƙe, makaɗa da 'yan rawa duk baƙaƙe ne, amma 'yan kallo farare ne, domin ba a barin baƙar fata ya shiga ya zauna. An ƙawata ɗakin da siffofin daji, ana tallata kiɗan da sunan kiɗan ƙungurmin daji, gwargwadon yadda Turawan lokacin suke hasashen Afirka. Ellington bai jahilci wannan raini ba. Amma daga wannan ɗaki ake watsa kiɗansa ta rediyo zuwa sassan Amurka, kuma fiye da shekara uku da ya yi a can sun zame masa makaranta, inda yake gwada sabon tsari a kunnen jama'a kowane dare.

A nan ne ya gano hanyar da ta bambanta shi da sauran masu tsara kiɗa. A al'adar Turai, mai tsarawa yana rubuta wa kayan kiɗa ne: wannan na turampet, wancan na turambon, duk ƙwararren da ya zo zai iya busawa. Shi kuwa Ellington mutum yake rubuta wa. A kan takardun kiɗansa sunaye da laƙabin mabusan yake sawa. Ya lura cewa Bubber Miley da Joe Nanton suna toshe bakin ƙahonsu da roba har ya riƙa gurnani kamar muryar ɗan Adam, sai ya gina waƙoƙi a kan wannan gurnani. Ya ji taushin busar Johnny Hodges, sai ya ware masa waƙoƙin bege. Kaurin busar Carney kuma ya zama harsashin da sauran suke tsayawa a kai. A 1940 ya tsara wani kiɗa sukutum domin mai busa turampet Cootie Williams, ya kuma sa masa sunansa. Abokin aikinsa Billy Strayhorn ya taɓa bayyana cewa Ellington yana kaɗa fiyano ne kawai, amma ainihin abin kiɗansa ita ce ƙungiyar.

Wannan hanya tana da tsada. Wanda ya gina aikinsa a kan muryoyin mutane ba zai iya sauya su kamar riga ba. Saboda haka ya yi haƙuri da halayen da wani shugaba ba zai jure ba: masu makara, masu shaye-shaye, da waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna alhali kujerunsu na jere. Da wuya ya kori mutum. Idan wani ya tafi don kansa, ba ya neman mai kwaikwayonsa, sai ya ɗauko wani mai tasa muryar ya sake tsara waƙoƙin su dace da shi. Ƙofa kuma a buɗe take: Cootie Williams ya tafi a 1940, ya dawo a 1962.

Ya kuma kare mutuncinsu. A shekarun 1930, lokacin da suke zagaya jihohin kudancin Amurka inda masaukai da gidajen abinci ba sa karɓar baƙaƙe, sai ya riƙa ɗaukar hayar taragun jirgin ƙasa na musamman, a ciki suke kwana, a ciki suke cin abinci. Ba mutum ne mai yawan jawabin siyasa ba, har wasu suna ganin ya cika lallashi. Tasa amsar a cikin aiki take. A watan Janairun 1943 ya gabatar da wani dogon kiɗa mai suna Black, Brown and Beige a zauren Carnegie Hall na New York, inda ya bi tarihin baƙaƙen Amurka tun daga bauta har zuwa zamaninsa. Masu sharhi da dama sun kushe shi, suna ganin makaɗin jaz ya shiga hurumin da ba nasa ba. Abin ya yi masa ciwo, amma bai daina tsara dogayen ayyuka ba. A 1947 ya tsara wani domin cikar ƙasar Laberiya shekara 100 da kafuwa.

Babbar jarrabawa ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi, gidajen rawa suna rufewa, jama'a sun koma ga mawaƙa ɗaiɗaiku. Shugabanni da yawa sun sallami mutanensu, har Count Basie ya rage tasa ƙungiya a 1950. A 1951 Hodges da wasu jiga-jigai biyu suka bar Ellington lokaci guda. Shi kuwa ya ƙi rushe ƙungiyar. Kuɗin haƙƙin mallaka da yake samu daga tsofaffin waƙoƙinsa ya riƙa zubawa cikin albashin mabusa, domin yana son abin da ya rubuta da dare ya ji shi a bakin mutanensa kashegari. Haƙurin ya biya a watan Yulin 1956, a bikin jaz na Newport, lokacin da Paul Gonsalves ya yi wata busa mai zagaye 27 ba tsayawa, taron ya ruɗe da rawa da sowa. Faifan wannan dare ya fi duk faifansa kasuwa, kuma ya dawo da sunansa bayan an fara cewa zamaninsa ya wuce.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Idan kiɗa ya fito daga bakin mutane da yawa, sunan wa za a rubuta a kansa? Manajan Ellington na farko, Irving Mills, ya riƙa sa sunansa a kan waƙoƙin da ba shi ya tsara su ba, yana karɓar kaso. Shi ma Ellington bai tsira daga irin wannan zargi ba. Wasu mabusansa sun yi ƙorafin cewa yakan tsinci amo daga bakinsu, ya gina shi ya zama waƙa, riba ta tafi gare shi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Strayhorn, wanda ya zo a 1939 kuma shi ne ya tsara Take the A Train, taken da ƙungiyar take buɗe wasa da shi, ya shafe kusan shekara 28 a inuwar maigida, jama'a suna jingina wa Ellington ayyuka da dama da hannunsa yake ciki. Da ya rasu a 1967, Ellington ya yi baƙin ciki matuƙa, ya fitar da faifai guda na waƙoƙinsa don tunawa da shi. Masu kare Ellington suna cewa ɗan guntun amo ba waƙa ba ne sai an samu magini, kuma mabusan da suka bar shi kaɗan ne suka yi abin da ya kai wanda suka yi a wurinsa. Wannan gaskiya ne, amma ba ya goge haƙƙin wanda ya kawo tubalin.

Girmamawa ta zo masa, wata a kan kari, wata a makare. A 1965 alƙalan kyautar Pulitzer suka ba da shawarar a karrama shi, hukumar kyautar ta ƙi, sai a 1999 ta yi hakan, shekara 25 bayan rasuwarsa. A 1966 ya yi wasa a Dakar, a bikin fasahar baƙaƙen fata na duniya da Shugaba Senghor ya shirya. A 1969, ranar da ya cika shekara 70, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka, a cikin fadar da mahaifinsa ya taɓa yi wa baƙi hidima. A 1973 ya je Habasha, Sarki Haile Selassie ya karrama shi. Ya bar waƙoƙi fiye da 1,000, kuma har a gadon asibiti yana rubutu.

Ga mai shugabantar mutane, ko a wace sana'a yake, rayuwar Ellington tana da abin lura ta fuska biyu. Ya nuna cewa shugaba yana kai wa ga abin da ba zai iya shi kaɗai ba idan ya san baiwar kowane na ƙasa da shi, ya ba ta fili, ya kuma riƙe mutanensa a lokacin tsanani da abin aljihunsa. Wannan ne ya riƙe Carney shekara 47. Ƙorafin mabusansa kuma yana tunatar da cewa albashi da kyautatawa ba sa maye gurbin suna a kan aiki. Strayhorn sai bayan mutuwarsa masu bincike suka bi takardun kiɗan ɗaya bayan ɗaya, suna tantance rubutun hannunsa, kafin duniya ta san girman abin da ya yi.