Kula da Ciwon Kumburin Hanji ga Masu Amfani da Homon Don Ƙara Ƙarfin Jiki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan wata matsala da likitocin ciki suke cin karo da ita, watau yadda za a kula da mai ciwon kumburin hanji alhali kuwa yana amfani da sinadaran homon don ya ƙara tsoka da ƙarfi. Ciwon ya fi kama mutane tsakanin shekara 15 zuwa 35, lokacin da saurayi ya fi damuwa da surar jikinsa da kuma wasanni. Ciwon yakan ramar da shi, wasu magungunansa kuma su zubar masa da tsoka, sai ya nemi mafita a wurin abokan ɗaga ƙarfe. Abin da takardar za ta nuna shi ne, kumburin ne ke cinye tsokar, homon kuwa ba ya kashe kumburi, sai dai ya ƙara wa hanta da jini nauyi, ya kuma dagula awon da likita yake dogara da shi.

2.0 Ciwon Kumburin Hanji

Wannan suna ya ƙunshi cututtuka biyu. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Takan fara daga dubura ta yi sama, ba ta wuce fatar cikin hanjin. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu, Ginzburg da Oppenheimer, suka bayyana a asibitin Mount Sinai na birnin New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana kuma cin kaurin hanjin duka, har ta ƙuntata shi ko ta huda shi. A duka biyun, garkuwar jiki ce take far wa hanji. Alamomin su ne zawo mai naci, sau da yawa da jini, da murɗar ciki, da rama, da kasala. Ciwon yakan tashi ya kwanta, haka nan har tsawon rayuwa.

A ƙasashenmu lalle ne a yi hattara, domin atini da tarin fukan hanji sukan yi kama da wannan ciwo ƙwarai. Ba a yanke hukunci sai an auna bayan gida, an kuma duba hanji da na'ura an ɗebo ɗan nama an gwada.

Magungunansa hawa-hawa ne. Akwai salfasalazin, wanda Nanna Svartz ta samar a Suwidin wajen 1940, da ɗan'uwansa mesalazin. Akwai dangin kotizon, irin su firednisolon, waɗanda Truelove da Witts suka tabbatar da amfaninsu ga gyambon babban hanji a Ingila a 1955. Akwai masu danne garkuwar jiki, watau azatiyofirin da metotireksat. Sa'an nan akwai na baya-bayan nan, kamar infiliksimab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, da tofasitinib, wanda aka amince da shi don gyambon babban hanji a 2018.

3.0 Suna Ɗaya, Dangi Biyu

Tushen ruɗanin shi ne kalmar sitiroyid, domin dangi biyu ne suke amsa ta, aikinsu kuwa ya sha bamban. Dangin farko, na kotizon, suna kwaikwayon homon da wata 'yar halitta da ke bisa ƙoda take fitarwa. Suna kwantar da kumburi da sauri, amma in aka daɗe ana sha sukan zaizaye tsokar cinya da kafaɗa, su raunana ƙashi, su tara kitse a fuska da ciki, su ɗaga sukarin jini. Dangi na biyu suna kwaikwayon testosteron, homon ɗin da 'ya'yan maraina suke fitarwa, wanda aka fara tacewa aka kuma harhaɗa a 1935. Daga gare shi aka samo Dianabol, wanda kamfanin Ciba ya fitar a 1958, da nandorolon, da sitanozolol, wanda aka samu a fitsarin Ben Johnson na Kanada a wasannin Olamfik na Seoul a 1988. Waɗannan suna gina tsoka, amma babu ko ɗayansu a jerin magungunan ciwon kumburin hanji.

Sau da yawa majiyyaci yakan ɗauka cewa dangi na biyu zai gyara ɓarnar na farko. Wannan an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Muddin hanji na kumbure, jiki na fitar da sinadaran da ke narkar da tsoka su kashe sha'awar abinci, abin da aka ci ma ba ya shiga jini yadda ya kamata. Gina tsoka a wannan hali ɗibar ruwa ne da kwando.

Akwai wani ruɗanin da ya shafe mu kai tsaye. Wasu daga cikin ƙwayoyin sa ƙiba da ake saya ba tare da takardar likita ba deksametazon ne, watau daga dangin kotizon. Ramamme da ya sha su zai ga zawonsa ya lafa, fuskarsa ta cika, ya zaci ya warke. In kuwa abin da ke damunsa tun asali tarin fukan hanji ne ko atini, to ya buɗe wa cutar ƙofa ke nan.

4.0 Inda Haɗarin Yake Haɗuwa

4.1 Hanta. Ƙwayoyin haɗiya irin su Dianabol da sitanozolol an sarrafa su ne don kada hanta ta karya su da wuri, wannan kuwa shi ne dalilin da suke cutar da ita. Sukan tsayar da gudanar ruwan maɗaciya, sai shawara ta bayyana tare da ƙaiƙayi mai tsanani wanda kan ɗauki watanni, sukan kuma haifar da ƙari a hanta. To, azatiyofirin da metotireksat su ma hanta suke taɓawa. Bugu da ƙari, akwai wata cuta mai ƙuntata hanyoyin maɗaciya wadda mafi yawan masu ita suna da ciwon kumburin hanji. Idan idon majiyyaci ya yi rawaya alhali likita bai san da homon ba, yana iya dakatar da maganin da ke riƙe da hanjin, ciwon ya tashi a banza.

4.2 Daskarewar jini. Mai ciwon kumburin hanji ya fi sauran jama'a fuskantar gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu da kamar ninki 2 zuwa 3, abin kuwa ya fi muni sa'ad da ciwon ya tashi. Testosteron yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, jinin ya yi kauri. A ƙa'idar likitoci, in kason jajayen ƙwayoyin ya haura 54 cikin 100 sai a dakatar da shi, ko da likita ne ya rubuta shi. Zawo kuma yana ƙarar da ruwan jiki. Har ila yau, a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora wa tofasitinib gargaɗi mai ƙarfi game da gudan jini. Idan waɗannan abubuwa suka taru a jiki guda, abin ya kai a ji tsoro.

4.3 Kamuwa da cututtuka. Wanda aka danne garkuwar jikinsa, ƙaramin ƙurjin allura kan zame masa babban al'amari. Kayan kasuwar bayan fage ba su da tabbacin tsabta, abin da aka rubuta a jikin kwalba ma ba lalle ne shi ke ciki ba. Yin tarayya a allura ɗaya yana yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki. Infiliksimab da danginsa kuwa suna tayar da ciwon hanta nau'in B da tarin fuka in suna kwance a jiki, shi ya sa ake awo kafin a fara su. Wanda ya ci gaba da allurar sirri bayan awon, to awon ya tashi a tutar babu.

4.4 Haihuwa da girma. Testosteron na waje yana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika wa 'ya'yan maraina umarni, sai su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai. Salfasalazin ma yana rage su, ko da yake sukan dawo bayan 'yan watanni da barinsa. Ga yaro mai tasowa, wanda cutar Crohn ta riga ta jinkirta girmansa, homon yana iya rufe bakin ƙashi da wuri, tsawon da ya rage masa ya salwanta. Ga mace kuma, kaurin muryar da yake jawowa galibi ba ya komawa.

4.5 Homon na girma. An gwada shi ga masu cutar Crohn a wani ƙaramin bincike da aka buga a Amurka a 2000, amma bai shiga cikin magungunan da aka amince da su ba. An kuma san cewa masu yawan wannan homon a jiki saboda cuta sun fi samun tsiro a babban hanji. Wannan abin lura ne ga wanda ciwonsa ya mamaye babban hanji, tun da ana fara duba shi don gudun ciwon daji bayan kamar shekara 8 da fara ciwon.

5.0 Yadda Awo Yake Dagulewa

Likita ba ya ganin cikin hanji kullum, da awo yake bin sawun ciwon. Ƙarancin jini alama ce ta zubar jini a hanji, amma testosteron yana iya ɗaga awon jinin ya ɓoye wannan alama, alhali ajiyar sinadarin ƙarfe tana ƙarewa. Ɗaga ƙarfe mai nauyi yana ɗaga awon hanta guda biyu, AST da ALT, domin tsoka ma tana fitar da su, sai an haɗa da awon GGT da na CK kafin a bambance. Yawan tsoka yana ɗaga kiriyatinin, wanda da shi ake lura da ƙodar mai shan mesalazin, don haka a nan awon sistatin C ya fi dacewa. Awon da homon bai cika ruɗawa ba shi ne kalfurotektin na bayan gida, wanda ke nuna kumburin hanjin kansa. Duk waɗannan gyare-gyare kuwa ba sa yiwuwa sai likita ya san gaskiyar abin da ake sha.

6.0 Hanyar Kulawa

Na farko, likita ya yi tambaya kai tsaye, cikin sirri, ba tare da tsangwama ba: me ake sha, ƙwaya ce ko allura, tun yaushe? Majiyyacin da aka kunyata ba ya dawowa, sai dai a gan shi ranar da aka kawo shi ranga-ranga.

Na biyu, a kwantar da kumburin da maganin da za a iya daɗewa a kansa, a taƙaita dangin kotizon ga 'yan makonni. Ba a yanke su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha, domin jiki ya riga ya rage yin nasa, sai an bi a hankali.

Na uku, shawarar likita ita ce a bar homon ɗin, musamman ƙwayoyin haɗiya, balle sa'ad da ciwon ya tashi ko ana shirin tiyata. Barin kuwa yana zuwa da kasala da raunin sha'awa da baƙin ciki na watanni, saboda haka a yi shi ƙarƙashin kulawar likitan homon. Wanda ya ƙi bari kada a kore shi, a ci gaba da auna hantarsa da kaurin jininsa da hawan jini da kitsen jini.

Na huɗu, a bambance wannan da ƙarancin testosteron na gaskiya, wanda kumburi da dangin kotizon da magungunan ciwo masu sa maye suke jawowa. Ana tabbatar da shi da awon safe har sau biyu, sau da yawa kuma yakan gyaru da kansa in ciwon ya kwanta.

Na biyar, a ba majiyyaci abin da ya zo nema ta hanyar da ba ta cutarwa. Masana abinci na Turai sun ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum yayin da ciwon ke tashe. A gyara ƙarancin ƙarfe da bitamin D da B12. Ɗaga ƙarfe daidai gwargwado yana da amfani ga tsoka da ƙashi. A kuma guji ibufurofen da dikulofenak, waɗanda 'yan wasa suke sha kamar gyaɗa, domin suna iya tayar da ciwon.

Na shida, ɗan wasan gasa ya sani cewa hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999, ta haramta dangin testosteron a kowane lokaci, ta kuma haramta dangin kotizon a lokacin gasa in ta baki ne ko ta dubura ko ta allura. Mai buƙatar firednisolon sai ya nemi izinin musamman na jinya.

7.0 Kammalawa

Tarihin wasanni ya nuna cewa wannan ciwo ba ya rufe ƙofar ɗaukaka. Steve Redgrave na Ingila, mai tseren kwalekwale, an gano yana da gyambon babban hanji a 1992, ya kuma ci zinare a Olamfik na wannan shekara da na 1996 da na 2000. Kathleen Baker ta Amurka, mai cutar Crohn, ta ci azurfa da zinare a ninƙaya a Rio a 2016. Darren Fletcher na Manchester United ya bayyana ciwonsa a 2011, aka yi masa tiyata a 2013, ya koma fili a ƙarshen shekarar. Darasin da ke nan shi ne, ƙarfi yana bin lafiyar hanji. Ya rage ga malaman da ke horar da likitoci da masu jinya su sa tambayar homon ta zama cikin tambayoyin yau da kullum ga duk matashin da ya zo da zawo mai naci da rama.